Kafin ku zuba kuɗi a katin hoto don montaj, ku ji yadda tamu ta kasance

Duk wanda ke aikin rediyo a ƙasar nan ya san zamanin ɓuya bayan mikro ya wuce. Da, murya kawai ake sani. Mutum sai ya shekara goma yana sauraronka bai san ko dogo ne kai ko gajere ba. Yanzu kuwa in an gama shiri, kafin ka kai bakin ƙofa saƙo ya fara shigowa: "Ina bidiyon?" Ƴan uwanmu da ke Aljeriya, Libiya, Abijan da Legas ba sa kama mu a akwatin rediyo, a Facebook da WhatsApp suke jiranmu. Masu ba da talla su ma sun koyi tambaya, mutum nawa suka kalla? Haka muka wayi gari, mu da aka koya wa aikin murya, mun koma masu montaj.

Shirin da ya fi ba mu wahala shi ne na kasuwa da gona. Ranar kasuwa muke ɗaukar sa, da salula biyu da wata ƴar kamara, a dawo a haɗa shi ya tashi wajen minti 40. Farashin hatsi, wake, albasa, dabbobi, da abin da manoma ke faɗi da bakinsu. Labarin farashi kuwa kamar nono yake, in ya kwana biyu ya tsinke. To injin da muke montaj da shi, wata kwamfutar ofis ce ta hannu, irin siraran nan da ake kwantarwa a ɗora ekiran a kai. Da an zuba bidiyo sai hoto ya shiga tsalle-tsalle, murya na gaba hoto na baya, ka danna tsaya sai ya yi tunani kafin ya tsaya. In an zo fitarwa kuma, a tafi sallah, a ci abinci, a dawo yana rabi. Sau da yawa wuta ta ɗauke yana dab da ƙarewa, a koma farko. Shirin Juma'a ya fita ranar Lahadi, mai talla ya kira yana cewa shi ba haka aka yi da shi ba.

Duk wanda muka kai wa kuka amsarsa guda ce: ku sayi kart girafik, wato katin hoto. Gida ya ware mana jikka 200. Kuɗi ne mai nauyi a wurinmu, tallar watanni ce aka tara, kuma an faɗa mana ƙarara cewa in ya tafi babu wani a bayansa bana. Shi ya sa muka ɗauki kusan wata uku muna juya maganar kafin mu fitar da ko dala. Tun daga lokacin samari masu ɗaukar biki da abokan aiki na wasu gidaje ke tambayarmu, shi ne muka ce bari mu rubuta sau ɗaya.

Abu na farko da tekinisiyan gidanmu ya sa mu yi, kyauta ne. Ya ce a buɗe montaj, a bar shi yana tsallen nasa, a danna Ctrl da Shift da Échap lokaci guda. Gestionnaire des tâches ya fito, a shiga wurin Performance a zuba ido. Nan za ka ga layi huɗu masu muhimmanci: purosesa, memuwa, dis, da na hoto. Wanda ya kai 100 ya maƙale, shi ne mai ciwon. Namu da muka duba, dis ne ya fara cika, memuwa na biye da shi. Injin jiga 8 na ram yake da shi, kuma tsohon dis dur mai juyawa ne a ciki. Da a ranar muka sa kati mafi tsada a duniya, tsallen nan ba inda zai je, don ba a hoton ciwon ya fara ba. Muka sa SSD, muka ƙara ram ya kai jiga 16. Wannan kaɗai ya ɗauke kusan rabin wahalar, kuma bai ci kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin ba.

Sauran rabin ne ya sa muka zauna muka fahimci me ke faruwa a cikin injin in yana nuna bidiyo. Bidiyo dai hotuna ne a jere, 25 ko 30 a kowane sakan. Da salula za ta ajiye kowane hoto cikakke, da minti kaɗan sun cika ta. To sai aka yi dabara: ta ajiye cikakken hoto guda, sannan na bayansa masu yawa ta rubuta abin da ya canza kawai. Mai sayar da albasa ya ɗaga hannu, to hannun za a rubuta, buhunan da ke bayansa ba su motsa ba, sai a ce a duba na baya. Wannan matsewar ita ce ake ce wa H.264, sai ƙanenta H.265 da wasu ke kira HEVC, wanda ya fi matsewa kuma ya fi wuyar kwancewa. In kallo kake yi daga farko zuwa ƙarshe babu matsala. Amma mai montaj ba haka yake yi ba. Ya ja gaba, ya ja baya, ya tsaya tsakiya, ya ɗora bidiyo biyu ɗaya kan ɗaya. Duk inda ya tsaya sai injin ya koma baya ya nemo cikakken hoton, ya bi canje-canjen ɗaya bayan ɗaya har ya iso wurin. A bidiyo mai hoto 25, kashi ɗaya cikin 25 na sakan gare shi ya gama wannan lissafin. In bai gama ba, shi ne tsallen da kuke gani.

Ga kuma 4K da kowa ke so. Hoton 1080 ɗigo miliyan 2 ne da ƴan kai, na 4K kuwa ya haura miliyan 8. Aiki ninki huɗu kenan a kan inji guda.

Nan ne muka gane abin da masu shago ba su cika faɗi ba, wataƙila don su ma ƴan wasan gem suka fi saye a wurinsu. A cikin katin hoto akwai babban sashe mai zana hotunan wasa da lissafin launi, akwai kuma wasu ƴan ƙananan sassa biyu da aikinsu kawai kwance bidiyo da sake matse shi. A katin NVIDIA sunansu NVDEC da NVENC. Intel ma tana da nata a cikin purosesa tun 2011, Quick Sync. Ga mai yanka da haɗawa irinmu, waɗannan ƴan ƙananan sun fi babban sashen amfani. Kuma su zamaninsu ake dubawa, ba girman kati ba. Purosesarmu i5 ce ta ƙarni na 6, ta shekarar 2015. Tana kwance H.264 lafiya lau. Amma ɗaya daga cikin salulolinmu iPhone ce, ta irin waɗanda ke ɗaukar HEVC mai bit 10 in an bar HDR a kunne, kuma sai daga ƙarni na 7 Intel ta koyi kwance wannan da sashen nan na musamman. Ashe duk bidiyon da ya fito daga wannan salular, purosesa ke ɗaukar sa a ka da ƙarfin tsiya. Muka kashe HDR ɗin tun a wurin ɗauka. Wannan ma kyauta.

Akwai wata cuta da muke roƙon abokan aiki su sani, don mu mutanen murya ita ta fi ci mana rai: baki na motsi, magana na zuwa daga baya, kuma tazarar na ƙaruwa in bidiyon ya yi nisa. Wannan ba ta kati ba ce ko kaɗan. Salula ba ta riƙe adadin hoto ɗaya a sakan, in haske ya ragu ko ta yi zafi sai ta rage. Maganinta a bi da bidiyon ta HandBrake, lojisiyal ne na kyauta, a maida adadin ya tsaya wuri guda kafin a fara montaj. Haka kuma dabarar puroksi, inda lojisiyal ke yin ƙaramin kwafi mara nauyi ka yi aiki da shi, sai wajen fitarwa ya koma kan na ainihi. Premiere Pro na da ita, DaVinci Resolve na da ita, CapCut na kwamfuta ma na da ita. Lokaci take ci, ba kuɗi ba.

To bayan duk wannan me ya rage? Da mun ɗora tambarin gida, rubutun farashi a ƙasa, gyaran launi don ranar kasuwa kan ƙone hoto, da kamara biyu a lokaci guda, sai layin hoto ya cika ya tsaya. Fitarwa kuma har yanzu doguwa ce. Yanzu ne maganar kati ta zama gaskiya.

Sai dai ba kai ke zaɓen kati ba, akwatin injinka ke zaɓa maka. Wannan ita ce maganar da muka fi so mai karatu ya riƙe. Yawancin kwamfutocin da ke hannun mutane a Maraɗi, Damagaram da Tawa, na ofis ne da suka gama aiki a Turai aka kawo su okaziyo, HP, Dell, Lenovo. Injuna ne masu ƙarko, amma ba don a ƙara musu kati aka yi su ba. Akwatin siriri ne, sai kati mai gajeren ƙarfe ke shiga. Tukunyar wutar da ke ciki, wadda masu gyara ke ce wa alimantasiyo, ƙarama ce, galibi tsakanin watt 180 da 250. Ba ta da igiyar nan mai baki 6 ko 8 da manyan kati ke buƙata. Kuma sau da yawa bakinta na kamfanin ne kaɗai, ba za ka ciro ta ka sa ta kasuwa ta shiga ba. Ramin da ake soka kati a ciki watt 75 kawai yake bayarwa. Ma'ana, duk katin da ya wuce 75 ya fita daga lissafi, sai in za ka canza akwati da tukunya, wani lokaci har da allon uwa. Tamu tukunyar 240 aka rubuta mata.

Masu kwamfutar hannu kuma ku yi haƙuri. Katinku a liƙe yake da allo, ba ya fita. Ram da SSD ne naku, in injin ya yarda.

Daga nan gardama ta tashi a ɗakinmu, kuma ta yi makonni. Mu uku ne da Hajiya mai riƙe da kuɗin gida. Yaronmu mai montaj, wanda gaskiya ya fi mu duka sanin lojisiyal, shi RTX 3060 yake so. Hujjarsa mai ƙarfi ce: jiga 12 na memuwa gare shi, alhali RTX 4060 da ya fito bayansa a 2023 jiga 8 ne kawai. Memuwar kati ita ce faifan da yake shanya hotuna a kai yana aiki, in ta cika aiki ya tsaya, DaVinci ma sai ya fito maka da saƙo ya ƙi ci gaba. Ga 1080 jiga 4 zuwa 6 sun isa, ga 4K mai kayan ado ana son 8 zuwa sama. Shi yaron gaba yake hange. Ya ce wa tekinisiya: "Kawu, in za a saya a sayi na shekara biyar, kada baɗi mu dawo muna wannan zaman." Tekinisiya ya ɗauki biro ya ce: "Ɗana, katin naka watt 170 yake ci, kamfanin da ya yi shi ya ce a ba shi tukunyar 550. Tamu 240. Ina za ka sa shi? Ka ƙara kuɗin tukunya, ka ƙara na akwati, ka ƙara na ondila babba, sannan ka faɗa wa Hajiya jimla." Hajiya ko ɗaga kai ba ta yi ba, ta ce: "Ƴaƴana, ni dai jikka 200 aka ba ni, kun riga kun taɓa."

Mu a namu ganin, da sabon akwati za a haɗa daga tushe, RTX 4060 ya fi dacewa da ƙasarmu duk da ƙarancin memuwarsa, don watt 115 yake ci. Tazarar watt 55 tsakaninsa da 3060 a takarda ba ta da yawa, amma ga wanda ke kan batir da fanno, ko ƙaramin gurup, ko ɗakin da babu kilim, tana da yawa. Farashin da aka fitar da su da shi a Amurka ma bai yi nisa ba, 329 ga 3060 a 2021, 299 ga 4060. Dalar Amurka fa, ba dalarmu ta sefa 5 ba, kada wani ya taho da canjin cefane. Kafin kati ya iso nan kuma ya bi jirgi, ya bi duwan, ya bi hannu uku, lissafin ya zama wani.

Waɗanda ke shiga injinmu ba tare da an taɓa komai ba kaɗan ne. GTX 1050 Ti na 2016, jiga 4, watt 75. GTX 1650 na 2019, jiga 4, shi ma 75. Sai RTX 3050 mai jiga 6 na 2024, watt 70. A lura, akwai wani RTX 3050 mai jiga 8, shi 130 yake ci kuma yana son igiya, suna ɗaya amma ba abu ɗaya ba ne. Na farkon muka cire shi da wuri, don a 2025 NVIDIA ta sanar cewa jerin GTX 10 da na gabansa sun daina samun sabon pilot na yau da kullum, sai gyaran tsaro. Pilot shi ne ɗan lojisiyal da ke haɗa kati da Windows, kuma masu yin Premiere da DaVinci sabo suke bi. Intel ma tana da ƙananan kati, Arc A310 da A380, gwanaye ne a kwance bidiyo da matse shi, amma sun fi sakin jiki a sabbin injuna, kuma ba mu samu wanda ya taɓa riƙe ɗaya a kusa da mu ba balle ya gyara in ya yi gardama.

Akwai tarko guda da ya cika shaguna, muna roƙo a kiyaye. Kwali mai ƙyalli, an rubuta 4 GB da manyan baƙaƙe, a ciki GT 730 ne ko GT 710. Araha gare su, kuma mai shago ba ƙarya ya yi ba, jiga 4 ɗin na iya kasancewa. Amma kati ne na fiye da shekara goma, an yi su don a samu inda za a soka ekiran, ba su san HEVC ba. Sashen hoton da ke cikin purosesarka ta ƙarni na 6 ko na 7 ya fi su amfani a montaj. Ka saya ka koma baya kenan da kuɗinka. GT 1030 ya ɗan fi su, amma ba shi da NVENC gaba ɗaya, ba zai taimake ka wajen fitarwa ba. Yawan jiga a kwali ba shi ne ƙarfi ba, kamar a ɗora wa jaki tankin tirela ne.

Na hannu kuma, nan ne kuɗin talaka ke ɓata. A watan Satumba na 2022 kuɗin intanet ɗin nan Ethereum ya daina amfani da katin hoto wajen haƙo shi. Ɗakunan da suka tara dubban kati suna aiki dare da rana shekara da shekaru suka zubo su kasuwa. RX 580 mai jiga 8 na AMD ya fi kowanne yawa a cikinsu. Wasu lafiyarsu ƙalau, wasu fankarsu ta gaji, memuwarsu ta dahu. Ko mai lafiyar ma watt 185 yake ci, ya fi 3060 cin wuta bai kai shi aiki ba. Akwai kuma na jabu tsantsa: a ɗauki GTS 450 na 2010, a canza masa suna a cikin ƙwaƙwalwarsa, Windows ta nuna maka GTX 1050 Ti. Alama mai sauƙi, in ka ga bakin VGA mai shuɗi a jikin katin da aka ce GTX 1050 Ti ne, ajiye shi, na gaskiyar ba ya da shi. Sannan ka je shago da kile ɗinka, a ciki akwai GPU-Z, ɗan lojisiyal na kyauta mai tona asirin kati, yakan rubuta FAKE ƙarara a gaban sunan. Ka sa bidiyonka mafi nauyi a cikin kilen. A soka katin a gabanka, a fitar da minti goma, ka tsaya kana kallon zafinsa da ekiran ko wasu ɗigogi masu launi za su fito. Mai shagon da ya ƙi a gwada, ka yi masa sallama cikin mutunci. Mu wani ya ce mana gwaji sai an biya, muka ce Allah ya ba da kasuwa.

Inda za a saya ma magana ce. Mu na kudu Kano ta fi mana Yamai kusa, kuma a titin Beirut ana samun kaya. Sai dai garantin da ke bayan iyaka, in kati ya mutu bayan wata biyu kuɗin mota da canjin naira sun cinye ribar. Tun da aka rufe iyakar Benin a 2023 kayan da ke biyowa ta Kwatano suka koma zagaye ta Lome, kowa ya ga abin da hakan ya yi wa farashi. Mu mun fi son mai shagon da muka san ƙofarsa, ya rubuta faktir da lambar jikin katin da kwanakin garanti, ko da ya ɗara na nesa tsada kaɗan.

Sai wuta, zafi da ƙura, abubuwa uku da masu gwada kati a YouTube ba sa lissafawa don a ɗaki mai sanyi suke. Wutar da Maraɗi da Damagaram ke sha, kaso mai yawa ta layin Katsina take shigowa. Kowa na tune da watan Agusta na 2023 da aka yanke ta daga can, sai a Maris na 2024 ta dawo. Wanda ya yi montaj a waɗannan watannin ba sai an yi masa wa'azin watt ba. Ondilar da aka fi samu, mai 650 VA, abin da take ɗauka na gaskiya bai wuce watt 400 ba. Injin ofis da ƙaramin kati da ekiran suna shiga ciki ka samu mintunan ajiye aiki. Babban akwati mai 3060 yana tsakiyar fitarwa kuwa, da ƙyar ta riƙe shi. A bazara, Afrilu da Mayu, waje na haura digiri 40. Kati in ya shiga digiri 80 da ƴan kai da kansa yake rage gudu don kada ya ƙone. Ka biya kuɗin doki ka samu tafiyar jaki tun daga azahar. Ƙurar hunturu kuma ta shiga haƙoran ƙarfen da ke fitar da zafi ta toshe su kamar auduga. Mu duk wata muke fitar da injin waje a hure shi, a riƙe fankar da yatsa kada iska ta juya ta fiye da kima. Kuma mun ɗauke shi daga ƙasa mun ɗora kan tebur.

Wata magana da ba a son yi a fili: lojisiyal. Tsofaffin Premiere da ke yawo a kile daga hannu zuwa hannu ba su san hanyar nan ta kwance bidiyo da kati ba. Sai a 2020 Adobe ta buɗe ta ga katin NVIDIA da AMD. Ka sa sabon kati a ƙarƙashin lojisiyal na 2017, rabin abin da ka biya yana barci. DaVinci Resolve na kamfanin Blackmagic na Ostareliya yana da na kyauta na halal, amma shi ya fi kowa jingina da kati, kuma wasu kayansa kamar mai share ƙurar hoton dare sai a na kuɗi, dalar Amurka 295. CapCut ya fi su sauƙin hali. Don haka a fara sanin da me ake aiki kafin a je kasuwa. A tanadi forfe kuma, pilot kaɗai ɗaruruwan mega ne.

Ƙarshenta RTX 3050 mai jiga 6 muka ɗauka, mai gajeren ƙarfe. NVIDIA tukunyar 300 take ba da shawara, tamu 240, don haka tekinisiya ya sake lissafi a gabanmu: purosesa 65, kati 70, sauran tarkace a ba su 40, ya tashi 175. Ya ce akwai sarari, shi ya ɗauki nauyin. Wanda tukunyarsa 180 ce kada ya ce mu muka aike shi. Kafin a biya ya auna cikin akwatin da mita, don katin faɗin rami biyu yake ci, kuma a wasu siraran injuna ramin na manne da tukunya, ba ya shiga. Ɗan abin da ya rage muka canza batirin ondila.

Yanzu kamara biyu a 1080, da tambari, da rubutu, da gyaran launi, suna tafiya ba tsalle. Fitarwar da ke cin sallah da abinci, yanzu kafin a gama shayi na biyu ta ƙare. Shirin Juma'a na fita daren Juma'a. Amma 4K mai kamara uku har gobe sai da puroksi, kuma mun daina ɗaukar sa ma sai da dalili. Mafi yawan masu kallonmu a salula suke gani, da forfe mai ƙidaya, WhatsApp kuwa ko an zaɓi HD a 720 yake tsayar da bidiyo. Abin da suke kira su yi ƙorafi a kai har yanzu murya ce, in iskar kasuwa ta shiga mikro.

Yaronmu bai sauka daga ra'ayinsa ba, kuma ba mu ce ya sauka ba. Shi Asabar da Lahadi biki yake ɗauka, amare na son 4K da launi mai laushi, da DaVinci yake aiki. A irin aikinsa jiga 12 ɗin nan na da ma'ana, ya shiga adashi yana tara na babban akwati nasa na kansa. Mu kuma abin da ke gabanmu purosesa ce. Microsoft ta daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma daga ƙarni na 8 take karɓa, tamu ta 6 ce. Canza ta na nufin canza injin gaba ɗaya. SSD da katin za su bi mu zuwa sabon, shi ya sa tekinisiya ya ajiye dogon ƙarfen da ya zo a kwalin cikin durowarsa. Hajiya ta ce a bari sai bayan kaka, in tallar masu taki da ta masu sayen wake ta shigo.